Koyar da lissafi a koleji gwargwadon matakin kowane ɗalibi

A kowace shekara, da an koma makaranta a watan Oktoba, malamin lissafi na ajin farko na koleji, wato 6e, yakan tarar da yaran da takarda ta ce matakinsu ɗaya, alhali a zahiri ba haka ba ne. Wani yana iya raba 752 gida 8 ba tare da gardama ba. Wani kuma idan aka ce ya ɗebe 47 daga 83 sai ya rubuta 44, domin yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane layi. Akwai ma wanda bai bambanta 306 da 360 ba. Dukansu sun gama CM2, dukansu suna zaune a kan benci guda, kuma littafi guda za a karanta musu. Wannan shafi yana bayani ne a kan hanyoyin da makaranta za ta iya bi domin kada na baya ya yanke ƙauna, kada kuma na gaba ya gaji da jira. An yi shi domin malamai, da daraktoci, da membobin kwamitin kula da makaranta, da iyayen yara.

Girman matsalar

Ƙididdigar PASEC, wadda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ta nuna a shekarar 2014 cewa yaran Nijar da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin da ake bukata a lissafi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A ƙididdigar 2019 an sami ci gaba, adadin ya haura kashi 20 cikin 100. Ci gaba ne na gaske, amma ma'anarsa ita ce mafi yawan yara suna barin firamare ba su riƙe tushen lissafi ba.

Ba Nijar kaɗai ke da wannan hali ba. A birnin Delhi na ƙasar Indiya, Karthik Muralidharan da abokan aikinsa sun auna ɗaliban makarantun gwamnati masu shekarun ƴan koleji, aka buga sakamakon a 2019. Sun gano cewa matsakaicin ɗalibin aji shida yana baya da kimanin shekara biyu da rabi a lissafi, kuma giɓin yana ƙaruwa har ya kai kusan shekara huɗu da rabi a aji tara. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a cikin aji guda akan sami tazarar shekara biyar ko shida tsakanin na gaba da na baya. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji mai yara saba'in ko tamanin a Maraɗi ko Damagaram zai gane wannan hoto.

Lissafi ya fi sauran darussa tsanani a wannan fuska, saboda gini ne da ake ɗorawa tubali bisa tubali. Yaron da bai halarci darasin daular Songhai ba zai iya fahimtar darasin daular Borno. Amma wanda bai iya rabawa ba, ba zai fahimci sulusi da rubu'i da sauran lissafin kashi-kashi ba. Wanda bai fahimci wannan ba kuwa, aljabara za ta zame masa haruffa marasa ma'ana a 4e, ya riƙa kwafe su daga allo har ranar jarrabawar BEPC. Abin da ke biyo baya sananne ne: maimaita aji, sannan kora ko barin makaranta. Ga yarinya, barin koleji sau da yawa shi ne mafarin maganar aure.

Hanyoyi uku da ake yawan cuɗanya su

Hanya ta farko ita ce a bar yara a ajinsu, darasi guda, amma aikin da ake ba kowa ya bambanta. Ta biyu ita ce a kasa su rukuni-rukuni bisa ga abin da suka iya, na wasu awoyi ko na duk shekara. Ta uku ita ce gaggauta ɗalibi mai hazaƙa, ko dai ya tsallake aji, ko ya riƙa ɗaukar lissafin ajin da ke gaba da nasa. Kowace tana da amfaninta da haɗarinta, kuma ƙasashe da dama sun gwada su, wasu sun ji daɗi, wasu sun yi da-na-sani.

A fara da awo

Kowace hanya za a bi, wajibi ne a fara sanin inda kowane yaro yake. Makin da ya zo da shi daga firamare ba ya isa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa wani ɗan gajeren gwaji da ake yi wa yaro shi kaɗai cikin ƴan mintoci: ya karanta lambobi daga 1 zuwa 9, sannan daga 10 zuwa 99, sannan ya yi ɗebewa mai lamba biyu wadda ke bukatar aro, sannan ya raba adadi mai lamba uku da lamba guda. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa. Ga ƴan 6e ana iya ƙara mataki biyu a sama: kwatanta rabi da sulusi da rubu'i, da warware wata ƴar matsala da aka rubuta da kalmomi.

A nan akwai abin lura. Lissafin koleji da Faransanci ake koyar da shi, saboda haka yaro yana iya faɗuwa a tambaya don bai gane jimlar ba, ba don bai iya lissafin ba. Ya kamata mai gwaji ya sake yi masa tambayar da Hausa, ko da harshen da yaron ya fi ji. Yarinyar da ke yi wa mahaifiyarta talla ta san cewa dala ashirin ita ce sefa 100, dala ɗari biyu kuma jaka guda. Idan aka ce mata tiyar hatsi dala ɗari da talatin ce, nawa ne tiya huɗu, za ta amsa da jaka biyu da dala ɗari da ashirin kafin malami ya ajiye alli. Ta ninka 130 sau 4, ta kuma kasa sakamakon ɗari biyu-biyu, duk da ka. Irin wannan yarinya ba ta bukatar a koma da ita ƙidaya. Abin da take bukata shi ne a nuna mata yadda ake rubuta abin da ta riga ta sani. Haɗa ta da yaron da bai san darajar gurbin lamba ba zalunci ne gare su duka biyu.

Aji guda, aiki daban-daban

Wannan hanya ba ta bukatar kuɗi ko izini daga sama, amma tana cin lokacin malami wajen shiri. A ɗauki misali. Darasin yau shi ne neman adadin da ba a sani ba. Malami ya rubuta matsala guda ga kowa: yaro ya sayi kaye uku da bik guda na sefa 100, ya biya sefa 700, nawa ne kuɗin kaye guda? Na baya za su warware ta da duwatsu ko da zanen kuɗi, su cire 100, su raba 600 gida uku, su sami 200. Na tsakiya za su rubuta ta kamar yadda littafi ke so, 3x + 100 = 700, su bi mataki-mataki. Na gaba kuma a ce musu: idan ba a faɗi kuɗin bik ba, aka ce dai kaye ya ninka bik sau biyu, kuma jimlar tana nan 700, nawa ne kowane? Za su gano cewa kaye uku daidai suke da bik shida, a haɗa da guda ya zama bakwai, bik 100, kaye 200. Daga ƙarshe aji duka ya taru a kan allo, kowane rukuni ya nuna hanyarsa. Yaron da ya yi da duwatsu zai ga cewa abin da ya yi da hannu shi ne abin da haruffan ke nufi.

Iyakar wannan hanya ita ce, tana aiki ne idan tazarar ba ta yi yawa ba. Wanda bai iya ɗebewa ba, duwatsu za su fid da shi yau, amma ba za su cike masa shekara uku da ya rasa ba. Shi ya sa ake bukatar hanya ta biyu.

Kasa yara rukuni-rukuni

Wannan ita ce hanyar da aka fi yin gardama a kanta. Masu suka suna cewa da zarar an ware “ajin daƙiƙai”, an yanke wa yaran hukunci: malami zai rage ƙoƙari, yaran za su yarda cewa ba su iyawa, kuma galibi ƴaƴan talakawa da na ƙauye ne za su cika ajin. Wannan tsoro yana da tushe. Saboda shi ne Faransa ta haɗe sassan kolejinta wuri guda da dokar Haby ta 1975. Da gwamnatin ƙasar ta dawo da rukunoni na lissafi da Faransanci a 6e da 5e a shekarar 2024, ƙungiyoyin malamai da na iyaye sun yi ta zanga-zanga, har aka sauya musu suna daga rukunonin mataki zuwa rukunonin bukata.

Sai dai binciken da aka yi a ƙasashen da azuzuwa ke cike ya nuna wata fuska. A shekarar 2005, a yammacin Kenya, an ba makarantun firamare 121 ƙarin malami guda domin a raba ajin farko gida biyu. A 60 daga cikinsu an raba yaran bisa ga makinsu, a sauran 61 kuma aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Esther Duflo, da Pascaline Dupas, da Michael Kremer suka bi sakamakon. Bayan wata 18, yaran makarantun da aka raba bisa maki sun fi na sauran, kuma ba na gaba kaɗai suka amfana ba, har da na baya. Dalilin da masu binciken suka bayar mai sauƙi ne: malamin da ke fuskantar aji mai tazara mai yawa yakan bi na gaba, domin su ne ke amsawa, idan aka ba shi yara masu mataki kusa da juna, dole ya koyar daidai inda suke. A tuna dai cewa ƴan ajin farko na firamare aka gwada, ba ƴan koleji ba.

Hanyar Pratham, wadda ake kira koyarwa daidai da matakin yaro, ta ɗauki amfanin rarrabawa ta kauce wa yawancin illarta. Ba a rushe aji ba. Ana ware awa guda ko biyu ne, a kasa yara bisa ga sakamakon gwaji ba bisa ga ajinsu ba, a yi aiki da tsinke da katin lambobi da kuɗin wasa, a sake gwaji bayan ƴan makonni, wanda ya ci ya hau rukuni na gaba. A Nijar ma akwai abin da ya yi kama da haka. Shirin “Makaranta don kowa”, wanda hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara da ma'aikatar ilimi a jihar Tawa a 2004, daga baya ya ɓullo da tsarin da ake kira PMAQ: a yi wa yara gwaji, a karanta sakamakon a gaban taron jama'ar gari, sannan gari ya tsara awoyin ƙarin aiki da littattafan atisaye, masu sa kai su taimaka wa malamai. A firamare aka gina shi, amma babu abin da ke cikinsa da koleji ba zai iya ara ba. Karanta sakamako a gaban iyaye, ba tare da ambaton sunan yaro ba, yakan yi tasirin da wasiƙar darakta ba ta yi, domin yawancin iyaye suna zaton duk yaron da ya wuce aji ya iya abin ajin.

A ganinmu, ga kolejin da ke da 6e biyu ko uku, abin da ya fi dacewa shi ne darakta ya jera awoyin lissafi biyu na mako a lokaci guda ga dukan azuzuwan. A waɗannan awoyi yara su bar ajinsu su tafi rukuninsu, sauran awoyin kuma kowa ya koma ajinsa a bi manhaja. Sharuɗɗa uku ne ke raba wannan tsari da wariyar da ake tsoro. Rukunin ya zama na lissafi kawai, domin yaron da ke baya a lissafi yana iya zama na gaba a tarihi. Ƙasar Singafo ma, wadda ta daɗe tana ware yara sashe-sashe, ta koma rarrabawa darasi-darasi tun daga 2024. A riƙa sake gwaji aƙalla sau ɗaya a kowane zango, ƙofa ta kasance a buɗe. Sannan a ba rukunin baya malamin da ya fi gogewa. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin al'ada ita ce tsohon malami ya zaɓi masu ƙoƙari, a bar wa sabon malamin kwantiragi sauran. Inda aka yi haka, gara ma a ce ba a raba ba.

Gaggauta mai hazaƙa

A Amurka aka fi gwada wannan, kuma abin da ya faru can ya isa darasi. Gardamarsu a kan aljabara take: a fara ta a aji takwas, wanda ya yi daidai da 4e, ko a jira aji tara? Wanda ya fara da wuri yana samun damar kaiwa ga babban lissafi kafin ya gama sakandare, abin da manyan jami'o'i ke dubawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 jihar Kalifoniya ta matsa wa makarantu su sa kusan kowane yaro a aljabara a aji takwas, kafin ta janye daga wannan manufa a 2013. Binciken Thurston Domina da abokansa na 2015 ya nuna cewa a manyan gundumomin da suka fi tura yara, makin lissafi ya ragu daga baya. A gundumar Charlotte ta jihar Karolina ta Arewa ma an ga haka: yara masu matsakaicin ƙoƙari da aka gaggauta sun sami maki ƙasa da takwarorinsu da aka bari suka shirya.

Birnin San Faransisko ya bi akasin haka. A 2014 ya hana kowa aljabara a aji takwas, da nufin daidaita yara. Masu hali suka biya wa ƴaƴansu darasi a waje, giɓin da ake son rufewa bai rufu ba, kuma a watan Maris na 2024 mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye suna neman a dawo da ita. Jihar Texas kuwa ta yi doka a 2023 cewa duk yaron da ya shiga cikin kashi 40 na sama a jarrabawar aji biyar, a sa shi kai tsaye a ajin lissafi mai sauri, sai fa idan iyayensa sun ƙi. Hikimar dokar ita ce, a da sai malami ya zaɓa ko iyaye sun nema, kuma ta haka ne ƴaƴan talakawa masu basira ke salwanta ba wanda ya lura.

A kolejin Nijar manhaja guda ce ga kowa, kuma rarrabuwa ba ta zuwa sai a lise, inda ake shiga sashen adabi ko na kimiyya. Saboda haka gaggautawa a nan galibi tana nufin tsallake aji, abin da aka fi gani a makarantu masu zaman kansu, sau da yawa bisa matsin iyaye. Kafin a amince, ya kamata a ba yaron jarrabawar ƙarshen shekara ta ajin da zai tsallake, a dukan manyan darussa, ba lissafi kaɗai ba, a kuma bi ƙa'idar hukumar ilimi ta yankin. Ajin 4e bai dace a tsallake shi ba ko kaɗan, domin a nan ne aljabara da hujjojin jometiri ke kafuwa, kuma a kansu jarrabawar BEPC ta dogara. A duba shekarun yaron da halinsa: ɗan shekara 11 da aka jefa cikin ƴan 14 yana iya cin jarrabawa ya rasa aboki. Inda jadawali ya ba da dama, ya fi sauƙi a bar shi a ajinsa ya riƙa halartar lissafin ajin gaba kawai.

Ga mafi yawan masu hazaƙa, zurfafawa ta fi gudu amfani. Kada a ba su ƙarin tambaya ashirin irin waɗanda suka riga suka iya. Wannan horo ne, kuma yaro mai wayo zai koyi rage sauri. A ba su abin da zai sa su tsaya su yi tunani. Hatimi mai gida tara misali ne da ke kusa: a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da kwance da karkace, zai ba da 15. Bayan sun samu, a tambaye su dalilin da ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya, sannan su gina mai gida 25. Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ibn Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai, kuma masana tarihin lissafi suna nazarinsa har yau. Ƙungiyar lissafi ta makaranta, ko da sau ɗaya a mako, tana iya shirya yara domin gasar shiga Lycée d'Excellence ta Yamai, tana kuma sanar da su cewa akwai gasar lissafi ta nahiyar Afirka, wadda aka fara a Rabat a 1987.

Game da sa mai ƙoƙari ya koyar da ƴan'uwansa, abu ne mai kyau idan an yi shi da awo, domin bayani yana ƙara wa mai yinsa fahimta. Amma kada ya zama mataimakin malami na dindindin. Shi ma ya zo koyo ne.

Abin da ya rataya a kan iyaye da kwamiti

Iyaye ba sa bukatar sanin aljabara kafin su taimaka. Su tambayi malami matakin da gwaji ya nuna, da ranar da za a sake gwajin. Idan aka sa ɗansu a rukunin baya, kada su ɗauke shi abin kunya ko su je neman alfarma a ɗaga shi. Kwamiti kuma ya sa kuɗin buga takardun atisaye da alli cikin tsarin aikinsa na shekara, tun kafin a koma makaranta.

Lokacin ƙarin darasi yana bukatar shawara da iyaye mata. Idan aka sa shi bayan la'asar, ƴan matan da ke da aikin ruwa da daka da talla, da yaran da ke tafiyar kilomita da yawa zuwa ƙauyukansu, su ne za su fara rasa shi, alhali sau da yawa su ne aka shirya shi dominsu. Ya fi kyau a sa shi cikin awoyin makaranta, ko da safiyar ranar da ba a karatu wadda ba ta faɗo a ranar kasuwar garin ba. A riƙe rajistar halarta ta maza da ta mata daban, a duba ta a taron kwamiti na ƙarshen kowane wata.